Tsakanin Ƙaya Da Kabari, Wa Ya Cinye Kwanakin?

A watan Maris na 2025, da sanƙarau ya kashe mutum 26, mafi yawansu a ƙananan hukumomin Gwandu, Jega da Aliero, kwamishinan lafiya na Jihar Kebbi ya tara 'yan jarida ya faɗi adadi, aka fitar da kuɗi, aka ware wuraren kwantar da masu cutar, labarin ya kai har gidajen rediyon ƙetare. Daidai ne, haka ya kamata a yi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne akwai wata mutuwar da ke yawo a garuruwan nan rani da damina, amma ba ka jin an tara 'yan jarida dominta. Ba ta da kwamiti, ba ta da adadi, saboda ita ba ta kwasar mutane a tare.

Ɗai-ɗai take ɗauka. Manomin albasa a fadamar Aliero da fartanya ta sare wa yatsan ƙafa. Ɗan kabu-kabu a Jega da salansa ya ƙone wa ƙwauri. Tsohuwa a wani ƙauyen Maiyama da sartse ya shige wa tafin hannu wajen faskare. Jariri ɗan kwana shida da cibiyarsa ta yi ruwa. Sai ka ji sanarwa bayan sallar asuba, wane ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. A kai shi, a zauna makoki, a watse. In ka matsa da tambaya a ce maka masassara ce ta kwana biyu. Ba mai tuna cewa mako guda kafin masassarar an gan shi yana ɗingishi, ƙafa ɗaure da tsumma.

Likitoci suna kiran abin sefsis, mu kira shi gubar jini. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga ta miki su hayayyafa, garkuwar jiki ta tashi yaƙarsu, sai yaƙin ya ƙi tsayawa inda ya faro, ya bazu ko'ina. Jijiyoyin jini su saki su fara yoyo, ƙarfin gudun jini ya faɗi, abin da ke isa ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa ya ragu. Shi ya sa fitsari ke ɗaukewa, numfashi ya koma sama-sama, mutum ya fara sambatu. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai mutum kusan miliyan 49 ne suka kamu da wannan hali a duniya, miliyan 11 suka mutu. Wato a cikin kowace mutuwa biyar da aka yi a doron ƙasa a shekarar, ɗaya tasa ce. Kusan rabin waɗanda suka kamu yara ne. Ba duka ta miki yake farawa ba, yana biyo bayan ciwon huhu, gudawa, ciwon mafitsara da haihuwa. Amma na miki ne ya fi ba ni haushi, domin shi a fili yake, kowa yana kallonsa, yana girma a gaban idon gida guda.

A 1924 ɗan shugaban Amurka Calvin Coolidge, yaro ɗan shekara 16, ya yi wasan tanis a fadar White House, yatsan ƙafarsa ya yi bororo. Bororon ya ruɓe, guba ta shiga jini, cikin kwanaki yaron ya mutu, manyan likitocin ƙasar suna tsaye a kansa. Su suna da uzuri, a lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ga ɗan shugaban ƙasa. Yau maganin yana cikin kwali a shagon kan kwana. Mu mene ne namu uzurin?

Tsakanin ranar da ƙaya ta soki mutum da ranar da aka ɗauko makara akwai kwanaki, wani lokaci biyar, wani lokaci goma. A farkonsu ruwa da sabulu da bandeji da allura guda sun wadatar. A tsakiyarsu magani na ƙa'ida ya wadatar. A ƙarshensu ko babban asibitin koyarwa sai ya yi da gaske. Waɗannan kwanakin ba iska ke kwashe su ba. Mutane ke cinye su, kowa da rabonsa, kuma ina so in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne mai mikin da kansa. Ka ce masa ya je a duba, ya kalle ka sheƙeƙe: "Ɗan mikin ga za ya kai ni asibiti? Ai abin kumya na." Mun taso an koya mana cewa namiji ba ya raki, kuma muna auna ciwo da faɗinsa. In bai kai tafin hannu ba, in ana iya taka ƙafa a je gona, to ba ciwo ba ne. Alhali huda ƙarama mai zurfi, irin ta ƙusa ko ƙayar aduwa, ta fi faffaɗan yanka haɗari, saboda bakinta yana rufewa da wuri ya kulle dattin a ciki. Abin mamaki, wannan mutumin da ke raina ƙafarsa ba ya raina albasarsa. Je ka Aliero bayan an cire albasa an zuba a rudu, ka ga yadda manomi ke zagayawa yana shinshinawa yana tonawa, da ya ga guda ta yi laushi ya zare ta ya jefar, don ya san abin da guda ɗaya ke yi wa tari. Ilimin yana nan a kansa. Ƙafarsa ce kawai bai ga ta cancanci a yi mata shi ba.

Sai abin da ake zubawa a mikin, wanda in na fara lissafawa raina ɓaci yake yi. Ƙasa, a ce ta tsayar da jini. Tokar murhu. Baƙin mai. Man birki, wannan na makanikai da direbobi ne. Fetur. Kashin shanu. Ganyen da aka tauna da baki. Daga nan a yago tsumman da ya fi kowanne tsufa a gidan a ɗaure tamau, a koma cikin ruwan fadama da ƙafar. Ƙasa da kashin dabbobi nan ne ainihin mazaunin ƙwayar cutar sarƙe-haƙora. Wanda ya danna su a miki ya ɗauko cutar da hannunsa ya kai ta inda take so.

Na san abin da wani zai ce game da toka, domin an sha faɗa mini. Zai ce ai a yaƙin Uhudu da aka ji wa Manzon Allah (SAW) rauni, Nana Faɗima ta ƙona tabarma ta sa tokar jinin ya tsaya. Gaskiya ne, ruwayar ta inganta. Amma a karanta ta daga farko. Sai da aka wanke raunin da ruwa, Sayyidina Ali yana zubawa tana wankewa. Tokar kuma ta abin da aka ƙona nan take ce, ba wadda ta kwana a murhu kaji da awaki suna bi ta kai ba. An yi haka ne a bakin daga don tsayar da jini da abin da ke hannu. Me ya sa muka riƙe tokar muka yar da wankin? Malamanmu sun fi ni sanin wannan, kuma da za su ba shi minti biyar a huɗubar Juma'a da sun ceci ƙafafu da yawa.

Na biyu mai kemis. Kada a ce na yi masa rashin adalci: a ƙauyuka da yawa shi ne likita, shi ne nas, shi ne mai ba da bashi, kuma shagonsa a buɗe yake lokacin da asibitin gwamnati ke kulle. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mutum ya zo masa rana ta uku, ƙafa ta kumbura tana zogi, sai ya tambaye shi nawa ke hannunsa, ya ƙirgo masa kafso daidai kuɗinsa, huɗu ko shida, ya haɗa da maganin kashe zafi. Wani ma ya ɓare kafso mai ja da rawaya ya barbaɗa garin a kan mikin. Wani ya ɗaga labule ya yi allura, alhali lasisin da Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ke ba irin shagonsa bai ba shi damar yin allura ba. Maganin kashe zafin ya kwantar da zogi ya sauke zazzaɓi, mai ciwo ya ce alhamdulillahi an dace, ya koma gona. Ciwon kuwa yana ci ta ƙasa. An sayi kwana biyu na kwanciyar hankali da kwana biyun da suka fi kowanne tsada.

Rabin magani ba magani ba ne, kuma tun ranar farko aka san haka. Wani ɗan sandan Ingila, Albert Alexander, da aka gwada wa penisilin a birnin Oxford a 1941, ya fara murmurewa kamar ba shi ba, sai ɗan abin da ake da shi ya ƙare kafin ciwon ya mutu. Ciwon ya dawo ya kashe shi. Shi maganin ne babu a duniya. Mu kuwa da gangan muke yanka shi gida uku saboda abin da ke aljihu, ko saboda an ji sauƙi. Bayan haka ƙwayoyin da suka sha rabin magani suka rayu sukan taurare. Ƙiyasin shekarar 2019 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani in aka kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma.

Akwai wani tarko kuma da ya fi kama mu a Kebbi fiye da ko'ina. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada a jihar nan suna ɗauke da cutar, babu jihar da ta kai mu. Don haka duk zafin jiki a wurinmu maleriya ce, in ta ƙi jin magani a ce taifot. Mutum ga ƙafa tana ɗoyi, ga kaluluwa ta fito a matsematsi, amma da jikinsa ya yi zafi sai a sayo maganin maleriya. Ko an yi gwaji ya nuna akwai ta, wannan bai wanke mikin ba, ana iya samun biyun a jiki guda. Duk wanda ke da miki kuma ya yi zazzaɓi, mikin ne abin tuhuma na farko har sai ma'aikacin lafiya ya buɗe shi ya gani da idonsa. Ina nufin ya kwance tsumman ya duba, ba ya leƙo daga bayan kanta ba.

Na uku su ne 'yan dubiya, masana komai. Rana ta biyar ƙafa ta yi suntum, fata tana sheƙi, sai majalisa ta zauna. Wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce ya taka sammu a hanyar gona, wata ta ce daji ne kuma daji ba ya son allura, da an yi masa allura shi ke nan. Wannan magana ta ƙarshe ta kashe mutane fiye da yadda za mu iya ƙirgawa. A kira wanzami ya yi tsaga ko sakiya da ƙarfen da ya yi wa wani aiki jiya, a shafa haɗi, a turara. Da mara lafiya ya fara sambatu, wato guba ta taɓa ƙwaƙwalwa, sai a ce to ga shi nan, iska ce ta bayyana. Sa'o'in da ya kamata a ce yana kan gado ana ɗura masa ruwa da magani ta jijiya, sai a cinye su wajen neman mai ruƙiyya. Ba ni da ja da addu'a, ni ma ina yi. A yi ta a cikin mota, a kan hanyar asibiti.

Maganar ɗori sai na taka a hankali, don na san inda nake. Sunan Aliero a ɗori ya wuce Najeriya, ana ɗauko masu karaya daga nesa a kawo su, kuma akwai dubban mutane da ke tafiya da ƙafafunsu yau ta dalilin gidajen nan. Ba na cikin masu cewa a rufe su. Amma karaya iri biyu ce. Akwai wadda ƙashi ya karye fata ba ta fashe ba. Akwai wadda ƙashi ya huda fata, ko miki ya kai har kansa, irin wadda haɗarin babur ke jawowa kullum a kan titin Sakkwato zuwa Yawuri. Ta biyun ba aikin kara da tsumma ba ce. Tana bukatar a wanke ta a ɗakin tiyata, a ba da magani tun a sa'o'in farko, a yi allurar sarƙe-haƙora. In aka rufe ta da kara aka ɗaure, an kulle ƙwayoyin cuta tare da ɓargo. Haka kuma ɗaurin da ya yi tsanani a kan gaɓar da ke kumbura yana datse jini. Yatsu su yi sanyi, su yi baƙi, su daina ji, ciwo ya tsananta fiye da na karayar kanta. Wannan ba alamar ɗori yana kamawa ba ce, gaɓar ce ke mutuwa, kuma yara aka fi yi wa haka. Maɗorin da ya gaji sana'ar da gaske ya san waɗannan alamu sarai. Abin da nake nema gare shi kalma ɗaya ce: "Wannan ba nawa ba ne, ku wuce asibiti, in an gyara mikin ma yi magana." Wanda ya faɗi haka darajar gidansu ya ƙara. Wanda ya riƙe mai ruɓaɓɓen miki mako biyu don kada a ce ya gaza, ya ci amanar kakanninsa.

Daga nan sai a zo asibiti, rana ta takwas ko ta tara, a ɗauke. Likita ya duba ya ce sai an yanke ƙafa, ko kuma a kwana biyu a fito da gawa. Gari ya ɗauka: asibiti yanke ƙafa suke yi, asibiti ba a dawowa. Na gaba da ya ji ciwo sai ya ƙara jinkiri saboda wannan labarin, shi ma ya zo a makare, labarin ya ƙara ƙarfi. Ma'aikatan lafiya ma suna da nasu kason. Wanda ya sayar da akuya ya yi hayar mota daga ƙauye, ya iso a tsorace, ba ya bukatar a tsaya ana yi masa tsawa a gaban jama'a, "sai yanzu kuka ga damar zuwa?" Tsawar nan ita yake kaiwa gida ya ba maƙwabta labari.

To yaushe ne ya kamata a tafi? Ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, kuma abin kunya ne a ce yaro ya gama firamare bai san shi ba. Da an ji ciwo, a wanke hannu, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, ana kwararawa, da sabulu a kewaye, a fitar da duk wani datti, a rufe da bandeji, a riƙa canzawa kullum. Akwai raunukan da ba a kwana da su a gida ko da ba sa zafi: huda mai zurfi, abin da ya karye a ciki, mikin da ƙasa ko kashin dabba ya shiga, wanda ya wage baki, wanda jininsa ya ƙi tsayawa bayan minti goma ana dannawa, ƙuna mai faɗi ko ta fuska da hannu, da cizo, na dabba ko na mutum. Cizon kare a wanke shi minti 15 da ruwa da sabulu sannan a nufi asibiti neman allurar haukan kare. Mai ciwon suga kuwa, ko ƙwarzane ya gani a ƙafarsa ya kai a duba, domin ciwon yana kashe jin zafi a ƙafa, yana iya yawo da ƙusa a takalmi bai sani ba.

Mikin kirki kullum sauƙi yake ƙarawa. In bayan kwana biyu zafi ƙaruwa yake yi, an samu matsala. Littattafan Turai suna cewa a duba ja, amma a fatarmu ja ba ya fitowa sosai, don haka a duba ko wurin ya fi sauran fata duhu, ya ɗaure, yana sheƙi. A ɗora bayan hannu a kwatanta ɗuminsa da na ɗaya ƙafar. A sami biro a zagaye iyakar kumburin, in da safe ya tsallake layin, ranar nan za a tafi. Mugunya, wari, wani layi da ke hawa sama daga mikin, kaluluwa a hammata ko matsematsi, zazzaɓi, kowanne ɗaya daga cikinsu ya isa dalili.

Akwai kuma alamun da ba sa jiran gari ya waye. Rawar ɗari mai kaɗa haƙora, numfashi da sauri, ruɗewa ko magana ba kan gado, barcin da ba a iya tayar da mutum sosai, wuni guda ba fitsari, hannu da ƙafa su yi sanyi suna gumi. Jiki ba lallai ya yi zafi ba, tsofaffi da jarirai sukan yi sanyi ne ma. A wannan matakin da sa'a ake lissafi. Ƙa'idar likitoci ita ce wanda jininsa ya faɗi saboda wannan guba a fara ba shi magani ta jijiya cikin sa'a guda. Babban asibitin Jega, na Aliero ko na Maiyama, wanda ya fi kusa, in sun ga ya fi ƙarfinsu su tura Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ko ƙarfe biyun dare ne.

Sarƙe-haƙora kuma nasa salon daban ne, don yana iya bayyana bayan miki ya rufe an manta da shi, daga kwana uku har zuwa mako uku. Muƙamuƙi ya ƙi buɗewa, wuya ya sandare, jiki ya riƙa banƙarewa, mutum yana cikin hayyacinsa yana jin komai. Ana yi wa yara rigakafinsa, ana yi wa mata masu juna biyu a wajen awo. Wa ya rage? Magidanci, wanda shi ne ke wuni cikin taki da ƙasa da ƙarfe. Tambayi manoma goma a kasuwar Jega yaushe rabonsu da wannan allura ka ji amsa. Kuma wanda bai taɓa yin ta ba, allura guda ranar da ya ji ciwo ba ta kare shi nan take, akwai wata ta daban da ake haɗa masa da ita in mikin mai datti ne, sannan ya dawo ya cika sauran. Wannan ma dalili ne na zuwa wurin wanda ya san aikin.

Cibiyar jariri ita ma miki ce, mun manta ne kawai. Ana gasa ta da tsumma, ana shafa mata man goge baki, toka, man kaɗe, don ta yi saurin faɗuwa kafin suna. Tun 2013 Jihar Sakkwato, maƙwabciyarmu, ta fara raba man kulohezidin na shafa wa cibiya, daga baya ya zama tsarin ƙasa baki ɗaya. A cibiya kaɗai ake shafa shi, ba ya kusantar ido. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko gindin cibiyarsa ya kumbura yana ruwa, ba a jira a ga abin da gobe za ta yi.

Yanzu bari in juyo kan masu mulki, don kada su ɗauka na manta da su. Talaka ba wawa ba ne. Yana zuwa kemis ne saboda ya taɓa zuwa asibitin ƙauyensu ya tarar da kwaɗo, ko ya tarar da ma'aikaci guda ba auduga ba bandeji, aka rubuta masa takarda ya koma kemis ɗin da ya baro. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cikawa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, ta kuma haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Jihar Kebbi tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KECHEMA. Duk wannan yana kan takarda. Ni tambayata ƙarama ce: a cibiyoyin lafiya na mazaɓun Jega, Aliero da Maiyama, guda nawa ne manomi zai shiga da yamma da sarar fartanya a wanke masa, a ɗaure, a yi masa allura, ba tare da an aike shi sayo safar hannu ba? Shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su zagaya da kansu ba tare da sanarwa ba, su faɗa mana.

Ga Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya a cikin garin Jega, tana yaye ma'aikatan lafiya duk shekara. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero. Me zai hana ɗalibansu su riƙa kafa rumfa ranar kasuwa, suna wanke miki suna nuna wa mutane alamun nan? Me zai hana hakimai su zaunar da masu kemis da wanzamai da maɗora da likitocin manyan asibitocin nan a zaure guda, a amince kan abin da kowa zai riƙe da abin da zai tura gaba, har da lambar wayar da zai kira? Ba a bukatar kwangila, wataƙila shi ya sa ba a yi ba.

Saura mutum ɗaya da ke cinye kwanaki, kuma shi ko yana gari ko ba ya nan ci yake yi. Maigida. Yaro ya taka kwalba, ƙafa ta kumbura, uwar tana gani, ta san abin ya ɓaci tun jiya, amma ba ta da izinin fita, ba ta da ko sisi, maigida ya bi motar albasa zuwa Kudu ko ya tafi cin rani. Ƙanensa ya ce shi ba zai yanke hukunci ba, kakar yaron ta ce a bari a ga gobe. Malam, kafin ka sa ƙafa a mota, ka bar izini a buɗe, cewa in ciwo ya kama ita ko yaro ta tafi asibiti ba sai ta neme ka ba, ka kuma bar kuɗin mota da na kati a hannunta, ba a hannun wani ba. Ka faɗe shi a gaban mahaifiyarka da ƙanenka, kowa ya ji da kunnensa, don kada ranar da abin ya faru a tsaya ana ta kiran layinka, yaro yana sambatu a kan tabarma, kai kuwa kana saman tirela tsakanin Kontagora da Mokwa wayarka ba caji.